Ciwon da Kunkurun Gidanmu Bai Ɗauka Ba

Garwa, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya lau, ke da Goggonki Asabe da maigidanta da yaran gidan duka. Yaya sanyin Ngaundere? Allah Ya tsare mini ke a inda kike, Ya tsare ki a inda za ki. Mu nan sai godiya. Yayanki Auwalu da matarsa suna gaishe ki.

Kar ki yi wa rubutun dariya. Da alƙalamin da muke sa lamba a jikin dilar atamfa nake yin sa, shi ya sa kowane harafi ya yi ƙato, layin kuma yake gangarawa ƙasa. Na zaɓi takarda ne don ni da ke ba ma gama magana a waya. Ina farawa sai ki sa kuka, ni kuma kin san halina, in na rasa yadda zan yi da kuka sai in hau faɗa, mu kashe waya kowa ransa a ɓace. Yau dai ki zauna ki karanta har ƙarshe, ba mai katse wani. Direban ajans, motar fasinjar nan, shi ne zai kawo miki ita.

Goggonki tun muna yara cikinta ba ya ajiye magana. Na ce ta yi shiru da zancen idona sai kin sauka can ƙasar da za ki karatu hankalinki ya kwanta, ita kuwa ko kwana ba ta yi da shi ba. To tunda ta faɗa, gara ki ji shi daidai daga wurina. Idon dama ya tafi, wannan kin sani. Na hagun ne yanzu ya bi sahu. Abin da ke gabana sak ina ganinsa, amma gefe da gefe duhu yana matsowa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai ja mini lokaci, amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na tambaye shi ko zai kai ni shekara ukun da za ki yi a can, sai ya shiga gyara takardun da ke kan teburinsa. Ni ɗan kasuwa ne, na san irin wannan amsar.

Shi ne kika ce wai za ki rubuta wa makarantar ki ce kin fasa, su ba wani burs ɗin, tallafin karatun da suka ba ki, ki dawo Garwa ki zauna kina jan hannuna. Zulai, ban yarda ba. Amma na san ki, taurin kan nan nawa ne kika ɗauko, in na hana ki abu ban faɗi dalili ba sai kin yi shi. Saboda haka ga dalilan nan, kuma babu guda a cikinsu da nake alfahari da shi.

Da farko dai ki sani ba na jin kunyar karatunki. A kasuwa suna tsokanata, wai da gaske ne 'yata za ta haye teku don karatun kunkuru, alhali ga su nan a bakin Binuwai ana tuntuɓe da su? Nakan ce musu da gaske ne, kuma a jirgin sama za ta. Har nakan yi musu bayanin da kika yi mini ranar nan a zaure, in ga sun saki baki. Mu a nan mun raba su, na tudu kunkuru, na ruwa kififiya. Faransancin da kuka yi a lekol, makarantar boko, ya zuba su buhu ɗaya. Ingilishi kuwa kin ce nan rikicin yake: kalmar nan tatul a wata ƙasar tana nufin duk mai ƙoƙo a baya, na tudu da na kogi da na teku, a wata ƙasar kuma in ka faɗe ta na teku kaɗai za a ɗauka, sauran kowa da sunansa. Har da wata kurciya da wata riga mai dogon wuya kin ce sun ci sunan. Na yi dariya ranar har da tari. Na ce to masu harshen ma ba su daidaita a tsakaninsu ba, ke da kika koye shi da girmanki me zai sa ki ji kunya in kin tambaya?

Ina faɗa miki haka ne don ni kunyar tambaya ce ta cinye mini idon dama. Karon farko da na je lopital, likitan wani yaro ne ɗan kudu, ba Hausa ba Fulatanci. Ya yi ta zuba Faransanci yana nuna mini kwalbar magani, ni kuwa da babbar rigata ina gyaɗa kai ina wi, wi, wato e, e, don kar a ce Alhaji bai ji ba. Ashe cewa yake a ɗiga kullum har ƙarshen rai, ko ido yana ciwo ko ba ya yi. Ni kuma sai ranar da na ji ya yi nauyi nake ɗigawa, kwalbar ta ƙare na koma kwalli da tabarau na kan tire. Ga ni da 'ya mai digiri a gida, amma ban kawo miki ordonans ɗin, takardar maganin, kin karanta mini ba. Don haka in kin je can, duk abin da aka faɗa ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba. Ko malami ne, ko likita, ko ɗan sanda. A maimaita miki har sai ya shiga, in za su yi dariya su yi.

Yanzu bari in zo kan Maigadi, don shi ne tushen karatun naki, shi ne kuma tushen maganata. Kin tashi kin gan shi a tsakar gida yana jan jiki kamar an kife turmi, amma ba ki san duk labarinsa ba. Kakana, wanda ya baro ƙasar Katsina da jakunansa ya zauna a garin nan lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina, shi ya tsinto shi a hanyar Marwa yana ɗan ƙarami. Matarsa, kakarmu, ita ta hana a sake shi. Ta ce gidan da ke da kunkuru, in ciwo ko baki ko sammu ya nufo mutanen gidan, shi yake fara tarewa ya ɗauka a jikinsa. Shi ya sa aka sa masa Maigadi. Babana ya yi karatu, yakan ce camfi ne, Allah kaɗai ke tsarewa. Ni ma haka nake faɗa in an taru. Amma dukanmu ba wanda ya taɓa buɗe masa ƙofa.

Ina saurayi ya haƙa rami ta ƙarƙashin katanga ya ɓulle gidan maƙwabta, ya cinye musu yakuwa da kuɓewa. Kakarmu ta kwana ba ta ci abinci ba, wai tsarin gida ya fita. Da aka dawo da shi, ni da kaina na aro abin huda katako wurin kafinta na huda gefen ƙoƙon bayansa, na zura sarƙa na ɗaure a gindin darbejiya. Jini ya fito, ya yi wani huci yana ja da ƙafafu, na ce ai ƙoƙo ne, ƙoƙo ba ya jin zafi. Shekara da shekaru yana zagaya bishiyar nan har ƙasar wurin ta zama hanya. Sai da kika shiga lise, makarantar sakandare, kika zo mini da littafi, kika nuna mini cewa ƙoƙon nan ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa, yana ji kamar yadda nake ji. Kika sa Auwalu ya datse sarƙar. Na yi miki faɗa a ranar don kin kunyata ni a gaban yayanki, amma ke ce da gaskiya. Abin da zan ce miki a nan kaɗan ne: duk wanda ba ya iya gaya miki yana jin zafi, dabba ne ko yaro ko baƙon da bai iya harshe ba, ki ɗauka yana ji.

Maganar Innarki ita ce mai nauyin. Kina da shekara goma sha biyu, kin ga abin da idonki, amma yaro yana ganin waje ne, ni zan gaya miki abin da ke cikin zuciyata a lokacin.

Bazara ce, irin zafin Garwa da ke sa kwalta ta yi laushi. Zazzaɓi ya kama ta. Muka ce na sauro ne, na aika famasi aka sayo ƙwayoyi, ta sha, bai sauka ba. Kullum da yamma jikinta ya ɗau zafi, kai ya yi ta sara, abinci ya fita ranta. Ita kuwa ba mai kwanciya ba ce, tana jan jiki ta ɗora tukunya, in ta gaji ta zauna a bakin murhu ta jingina da bango. A kwanakin nan ne Maigadi ya shige raminsa ya ƙi fitowa. Aka kai masa yakuwa, aka kai ɓawon kankana da yake so, ko shinshinawa bai yi ba. In ka leƙa da tocila sai ka ga idanunsa suna ta ruwa.

Tsofaffin unguwa da suka zo dubiya suka leƙa ramin, suka dawo suna hamdala. Suka ce in kwantar da hankalina, ai ga shi nan ya ɗauka, ba ka ga har hawaye yake ba? Ciwon ya nufo uwar gida ne, ya tare, sauran kaɗan da ya fantsamo mata zai wuce. Zulai, ni mai sahun gaba ne a masallaci. Da wani ne ya zo rumfata ya ba ni wannan labarin, da na yi masa wa'azi har ya gaji. Amma a gidana ne, matata ce, ina jin tsoro, ga kuma magana mai daɗi an miƙo mini. Na karɓa hannu bibbiyu. Kullum da safe kafin in fita kasuwa sai in leƙa ramin tukuna kafin in leƙa ɗakinta. In na ga ganyen jiya yana nan bai ci ba, sai in ji sanyi a raina. Kin ji irin wautar da babanki ya yi.

Wata safiya ina sa hula ta kira ni daga kan tabarma. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai neman alfarma, ta ce, "Alhaji, ko za mu gwada lopital?"

Na ce ta ƙara haƙuri, ba ta ga Maigadi ba? Na ce lopital allura ce da ƙarin ruwa da kwana a kan benci, ga zafi, gara ta huta a ɗakinta. Ta ce to. Innarki ba ta taɓa maimaita roƙo ba tun da na aure ta, ni kuma na san haka, kuma na fake da shi.

Abin da ya ƙara rufe mini ido, kwana biyu bayan nan zazzaɓin ya sauka. Ta tashi ta yi wanka, ta sha kunun gyaɗa, har ta yi miki kitso. Tsofaffi suka ce ba mun faɗa ba? Na raba goro. Kashegari da azahar aka zo kasuwa aka kira ni, na iske ta a dunƙule tana riƙe da ciki, cikin ya yi tauri, gumi yana zuba. A bayan motar ɗaukar kayan maƙwabcinmu muka kai ta, kanta a cinyar Goggonki. Likitan ya duba ta ya ce taifot ne, ya daɗe a jikinta har ya huda hanji. Ya tambaye ni ta bakin wata nas mai jin Fulatanci, ina muke duk kwanakin nan? Ciwo ne da ake warkarwa da ƙwayoyi in an zo da wuri. Me zan ce masa, ina leƙen ramin kunkuru?

Sun yi mata aiki, sun yi iya yinsu. Ba ta farka ba. Na san kwananta ne ya ƙare, na yi imani da wannan, kuma shi nake faɗa wa masu ta'aziyya. Amma Allah da Ya rubuta kwanan, Shi ne Ya ba ni hankali da mota a ƙofar gida da matar da ta buɗe baki ta roƙe ni. Wannan ni da Shi ne, kullum ina neman gafara, kuma har yau in na tuna muryarta da ta ce to, sai abinci ya fita kaina.

Bayan an share makoki aka yi ruwan farko. Da safe na fito, sai ga Maigadi a tsakiyar gida, laka a bayansa, yana cin ɗanyar ciyawar da ta tsiro gefen rariya hankalinsa kwance. Lafiyarsa ƙalau. Ashe zafi ya guje wa, haka irinsu suke yi kowace bazara, su shige ƙasa su daina ci sai ruwa ya sauka. Shekara nawa yana yin haka a gabanmu, ba wanda ya kula, sai shekarar da muke neman abin da za mu rataya wa tsoronmu. Na ɗauki taɓaryar Innarki na nufe shi, wallahi niyyata in farfasa shi. Kika fito a guje daga ɗaki, kika kwanta a bayansa kika rungume ƙoƙon, kika ɗago kai kika ce, "Baba, shi me ya sani?"

Na ajiye taɓaryar na shiga ɗaki. Ranar ce na fara yi mata kuka, duk kwanakin makoki ban yi ba. Daga lokacin ne kuma kika ɗauki kula da shi, kina tambayar me yake ci, me ya sa yake haƙa, har abin ya kai ki inda ya kai ki yau. Shawarata a nan ba ta da tsawo. In jikinki ya yi zafi ya wuce kwana biyu, ki tafi asibiti, ko da kuwa kowa ya ce ba komai. Kuma duk maganar da ta yi miki daɗi daidai lokacin da kike jin tsoro, ki sake duba ta, musamman in za ta sa ki zauna ba ki yi komai ba.

Da a ce na yi hankali daga nan, da da sauƙi. Ban yi ba. Shekara biyu bayan rasuwarta Auwalu ya sami gurbin koyon aikin lantarki a Marwa, Kawunku da ke can unguwar Domayo har ya share masa ɗaki. Na dubi gidan, ba Innarki, in ya tafi sai ni da ke da bango. Na ce wa zai zauna mini a rumfa? Ƙarya ce, rumfar tana da yara biyu masu aiki. Gidan ne nake tsoron ya yi mini faɗi. Shi ma ya ce to, irin ta uwarsa. Ga shi nan yau, magidanci, yana auna yadi yana yanka, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma ki lura da shi ranar da wuta ta lalace a gida ko fanka ta tsaya. Nan da nan ya cire riga ya hau tsani, yana aiki yana fito. Ban taɓa jin ya yi fito a rumfa ba. Na riƙe shi don in ji sauƙi, kewar Innarki kuma ko kaɗan ba ta ragu ba, sai dai na ƙara wa kaina abin da zan riƙa kallo kullum.

Jiya bayan la'asar muna rufe rumfa, yana juya mini baya yana sa kwaɗo, ya ce, "Baba, don Allah kar ka bari ta fasa." Iyakar abin da ya ce ke nan. A shekarun nan duka, wannan ne karon farko da ya taɓo zancen, shi ma ta kanki ya biyo.

To kin ji. Gidanmu mun saba ajiye mai rai a tsakar gida mu ce ya tare mana abin da muke tsoro. Mun yi wa dabba, na yi wa yayanki, ba zan yi miki ba. Zamanki a Garwa ba zai ƙara wa idon nan ko yini ɗaya ba, likita ya faɗa, ni ma na sani. In kin zauna, duhun zai zo a lokacinsa, ya same mu mu biyu, ni ba ido ke ba karatu. Kuma ina da masu kula da ni. Matar Auwalu ta riƙe maganin, safe da yamma sai ta tsare ni ta ɗiga, ba ta jin wi wi ɗina. Hanyar masallaci ƙafata ta haddace ta. Atamfa kuwa ko a yanzu da hannu nake gane mai kyau.

Kar ki ɗauka ba na so ki zauna. Wallahi ina so. In mutane suka tambaye ni jiki nakan ce jam ko ɗume, wato lafiya lau da Fulatanci, amma ke ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Ina tsoron ranar da zan buɗe ido in tambaya ko gari ya waye. Ina tsoron zama kaya a hannun mutane, ni da ban iya roƙon ko ruwan sha ba. Da za a bi son raina, da kina nan kusa ina jin motsinki a tsakar gida. Amma na bi son raina a baya, na ga inda ya kai mu.

Sauran 'yan shawarwari, tunda alƙalamin bai ƙare ba. Sallarki kar ki yi wasa da ita, ko a cikin kwalekwale kike. Kin ce aikin naku har da shiga teku, ke kuwa ko Binuwai ba ki taɓa shiga ya wuce gwiwa ba, don haka ki koyi iyo wurin mace 'yar'uwarki kafin ki hau ruwan kowa, kuma rigar nan da ke hana nutsewa kar ki cire ta don gayu. Ki ci abinci. Na san ki, in karatu ya kama ki sai ki yini da shayi. Goggonki za ta haɗa miki busasshiyar yakuwa da kuɓewa da yaji, in an hana shiga da su a filin jirgi ki bar musu, kar ki tsaya gardama irin tawa. In wani ya nuna yana son ki, kar ki ɓoye, ki gaya wa Goggonki, kin san kafin magariba zai iso kunnena. In an wulaƙanta ki don fatarki ko ɗankwalinki, ki kai ƙara inda ake kaiwa, kar ki haɗiye ki ce to. Wannan kalmar ta isa haka a gidanmu.

Kuma kar ki riƙa yi mini ƙarya a waya don ki kwantar mini da hankali. In kin faɗi jarrabawa ki ce kin faɗi, in kina kewa ki ce kina kewa. Ni ma na yi alkawari, ranar da na hagun ya rufe, daga bakina za ki ji. Hotuna ki tura wa yayanki. Ni magana za ki riƙa aiko mini, mai tsawo, in sa a kunne in yi ta maimaitawa. In kin ga na tekun nan da kika ce ya fi Maigadi girma, ranar da macen ta fito yashi za ta yi ƙwai, ki faɗa mini komai, launinta, yadda take numfashi, warin wurin, ƙarar ruwan. Ban taɓa ganin teku ba, sau ɗaya na je Duwala sarin kaya ban ko leƙa ba don ina sauri. Ki yi mini bayani yadda zan iya ba 'yan kasuwa labari.

Abu ɗaya nake roƙo, shi ma ba umarni ba ne. Na ji shirinku daga Ngaundere za ki hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can ki tashi, don mun riga mun yi sallama. Waccan sallamar ban san abin da na sani yanzu ba, a tsaitsaye na yi ta, ina sallamar mai sayen yadi. Ki fara aika wa makarantar cewa kina zuwa. Sai kin aika, sannan ki hau mota ki zo Garwa ki kwana ɗaya. In ba ki aika ba kar ki zo, ba zan buɗe ƙofa ba, kin san zan iya.

In kin zo, da hantsi nake son ki, lokacin ne hasken yake yi mini daidai, bai yi ƙarfi ba bai yi rauni ba. Za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ki zauna dab da ni ta hagu, ki fuskanci rana. Ba wata magana zan yi ba, duk na gama ta a nan. Kallon ki kawai zan yi. Tun da kika girma ba ki taɓa haɗa ido da ni ba, kullum kanki a sunkuye, haka Innarki ta tarbiyyantar da ke, Allah Ya saka mata. Wannan karon na yafe miki kunyar, ki ɗago kai ki bar ni in duba har in ƙoshi, ko na daɗe kar ki tsargu.

Kuma don Allah, Zulai, kar ki yi kuka. Ki yi shi a mota kafin ki iso, ko bayan kin tafi. Fuskar da na gani ranar ita zan riƙe. Da ita za ki dawo mini, da ita za ki yi aure, da ita za ki haifi 'ya'yanki, ko kin yi furfura ni a wurina haka za ki zauna. Ba na so in ajiye mai hawaye.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke a hannun mutanen kirki. Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a ruwa, Ya tsare ki daga ciwon da ke ɓuya da abokin da ke cutarwa. Ya sa albarka a karatunki, Ya jiƙan Innarki, Ya dawo mini da ke in ji sallamarki a ƙofar gida. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Babanki